Jinkirin Abbas da Kujerar Yaya Sauda

Akwai wani ɗan kasuwa a Birnin Kebbi mai suna Abbas, sana'arsa sayen shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba. Yakan bi garuruwan fadama daga Zauro zuwa Argungu har Augie, ya saya a hannun manoma, ya loda a manyan motoci, ya kai wa wani kamfanin casar shinkafa da ke bakin gari. Ya yi wa kasuwancinsa rajista, yana da hatimi da takardu masu ɗauke da sunan kamfaninsa, kuma yana ji da wannan ƙwarai.

Abbas ba macuci ba ne. Bai taɓa rage wa manomi awo ba, kuma in an zo masa da lalura yakan taimaka. Halinsa ɗaya ne mutane suke kuka da shi: yana ganin ya fi kowa iya lissafi, kuma duk ranar da aka yanke masa ya biya wani abu, a wurinsa shawara ce aka ba shi.

Shekara uku kafin abin da zan ba ku labari, banki ya saya masa gida a unguwar Gesse, bisa sharaɗin zai riƙa biyan naira dubu ɗari biyu ranar biyar ga kowane wata. Da yake shi ba ma'aikaci ba ne, bankin ya ce sai ya kawo mai albashi ya tsaya masa.

Yayarsa Sauda ce ta tsaya. Ita ce shugabar wata makarantar firamare a Argungu, kuma albashinta ta wannan bankin yake shigowa. Ranar da ya kai mata takardun, ko gilashinta ba ta ɗauko ba. Ta ce ya nuna mata inda za ta sa hannu, ta sa, ta yi masa addu'ar Allah ya sa gidan zama ne.

Shekara ɗaya da rabi yana biya a kan kari. Sai wata rana, lokacin girbin rani, aka kira shi daga Augie cewa akwai shinkafa da araha, masu ita suna son kuɗi hannu. Kuɗin da ke hannunsa na banki ne, kuma washegari biyar ga wata. Ya yi lissafi, sannan ya ɗauki kuɗin ya nufi Augie.

Bayan mako uku ya sayar, ya ci ribar dubu sittin. Ya je banki ya biya, aka ɗora masa tarar dubu goma. Ya fito yana murmushi. Da ya koma gida ya ce wa matarsa Rukayya, "Kin ga abin da mutane ba su gane ba. Na ba su goma, na riƙe hamsin."

Rukayya ta ce, "Baban Nana, ni dai hankalina bai kwanta ba. Sunan Yaya na cikin takardar ga."

"Sunanta kawai ne. Kuɗɗin daga aljihuna suke hita."

Daga nan abin ya zama jiki. Wani watan ya biya ranar ashirin, wani watan ya haɗa biyu ya biya lokaci guda. In saƙon banki ya shigo wayarsa, da ya ga farkonsa sai ya wuce.

Akwai wata mata da ake kira Titi, mai ɗan ofis kusa da babbar kasuwa, wadda take shirya wa 'yan kasuwa takardun haraji. Mahaifinta, Baba Olatunji, ya fi shekara arba'in yana sayar da kayan gyaran mota a garin. A nan aka haife ta, kuma aji ɗaya suka yi da Abbas a firamare. Ita ta yi masa rajistar kamfani.

Wata rana ta hango shi zai wuce, ta aika aka tsayar da shi. Bai ko kashe mota ba, ya leƙo ta taga.

Ta ce, "Abbas, shekara biyu ke nan ba ka shigar da bayanan harajin kamfaninka ba. Na kira ka ya fi sau biyar."

"Nawa ake bi na?"

"Harajin kansa ba shi da yawa. Rashin kai takardun a kan lokaci shi ake yi wa tara, kuma duk wata sai ta ƙaru. Ka kawo mini rasitanka na zauna na haɗa."

Ya yi dariya. "Titi, ku mutanen takarda kun cika tsoro. Wa ya taɓa zuwa ya tambaye ni? Bari kaka ta wuce, zan kawo miki."

"Haka ka ce bara."

"To, bana da gaske nake." Ya ja mota.

Tun kafin kakar ta zo ya ƙudura cewa bana zai yi babban kamu. Ya daina biyan banki gaba ɗaya, yana tara kuɗi yana ba manoma kafin alƙalami. Wata ɗaya, biyu, uku, huɗu. Wasiƙu suka zo gida, Rukayya ta ajiye masa a kan talabijin, ya kwashe ya tura cikin aljihun mota ba tare da ya buɗe ba. A lissafinsa, da zarar kamfani ya biya shi, zai shiga banki ya zube musu kuɗinsu da tararsu, kowa ya huta.

Kaka ta yi kyau. Ya zuba duk abin da ya mallaka, sannan ya karɓi wani kayan bashi a hannun wata ƙungiyar manoma a Augie, wadda wani dattijo mai suna Labbo yake shugabanta. Ya yi musu alkawarin mako ɗaya. Manyan motoci uku ya kai kamfanin, aka auna, aka sauke, aka ba shi takardar karɓa.

Ranar da ya je karɓar kuɗi, akantan kamfanin ya duba takardunsa ya ɗago kai.

"Ina takardar shaidar biyan harajinka?"

"Wace takarda? Shekara nawa ina kawo muku kaya?"

"An canza tsari. Yanzu duk mai kawo kaya da sunan kamfani, ba a biyan shi sai ya kawo ta. Mun manna sanarwa tun wata biyu da suka wuce, mun kuma tura wa kowa saƙo."

Abbas ya ciro waya ya duba. Saƙon yana nan, a tsakanin na banki, bai taɓa buɗe shi ba. Ya ce to a maido masa da shinkafarsa. Akantan ya ce an riga an zuba ta a inji.

Bai san lokacin da ya isa ofishin Titi ba. Wannan karon ya kashe mota ya shiga, amma ya kasa zama. Ta saurare shi har ya gama, ba ta tuna masa da komai ba. Ta ce ya kawo rasitai. Ya koma mota ya kwaso leda biyu, wasu rasitan sun jiƙe da man inji, wasu rubutunsu ya goge.

Ta ce, "Sai na haɗa lissafin shekara biyu, a duba a sa hannu, a shigar, ka biya harajin da tarar, sannan a nemi takardar. In komai ya tafi daidai, mako shida."

"Mako shida? Titi, mako ɗaya na yi wa mutane alkawari. Ba wanda kika sani a ciki?"

"Duk wanda ya ce zai kawo maka ita gobe, ta bogi zai kawo maka. In ka kai ta kamfani suka bincika, abin da za ka shiga ya fi wannan. Ka bari mu bi hanya. Yau zan fara."

Daga ranar zama ya gagare shi. Da safe yana kamfani yana roƙon a ba shi ko rabi. Da hantsi yana ofishin Titi yana tambayar inda aka kwana. Kafin azahar yana hanyar Zauro neman wani direba da zai sake rubuta masa rasit. In aka kawo abinci sai ya ci loma biyu a tsaye. Wayarsa ba ta minti goma ba ta yi ƙara ba.

Rana ta goma sha biyu, ya dawo ya tarar da Labbo zaune a kan tabarma a ƙofar gidansa, da wasu manoma biyu. Suka gaisa. Abbas ya fara bayanin haraji da kamfani da takarda.

Labbo ya bari ya gama, sannan ya ce, "Abbas, mu ba mu san haraji ba, kai munka sani. Irin albasarmu ya isa dashe. Ba mu da kuɗɗin mai na injin ruwa, ba mu da na taki. Maƙwabtanmu sun yi dashe tun wancan mako. In lokacin ga ya wuce, ko ka ba mu kuɗɗin daga baya mi za mu yi da su?"

"Baba Labbo, ku ƙara mini mako biyu."

"Mu muna iya ƙara maka. Gona ba ta ƙarawa."

Suka tashi suka tafi, ko ruwan da Rukayya ta aiko ba su sha ba.

Ranar Litinin da ta biyo baya, yana tsaye a ofishin Titi, sai ga kiran Yaya Sauda. Muryarta a kwance take, abin da ya fi tayar masa da hankali.

"Kana ina?"

"Ina gari, Yaya."

"Ka taho Argungu yanzu."

Tafiyar awa ɗaya ce, amma ya ga kamar titin ba zai ƙare ba. Ya same ta a ofishinta na makaranta, jakarta a kan cinya, mayafinta a jiki, alamar daga waje ta dawo.

Shekara tara Sauda tana tara kuɗin Makka. Adashe, ɗan abin da ya rage daga albashi, awaki da take kiwo. Bana ta sayar da gonar fadamar da ta gada, ta biya rabin kuɗin kujera, sauran rabin yana cikin asusunta. Ranar Juma'a mai zuwa za a rufe karɓar ciko. Duk dangi sun sani, har an fara tsokanarta da Hajiya.

Ta ce, "Na tahi banki in tura cikon. Sunka ce an riƙe asusuna. Na ce a kan mi? Sunka ce wanda na tsaya ma wata huɗu bai biya ba." Ta dube shi. "Gaskiya ne?"

Ya buɗe baki zai fara lissafi, sai ya fasa. Ya ce, "Gaskiya ne, Yaya."

"Ba ka da kuɗɗin ne lokacin?"

"Ina da su."

Daga waje ana jin yara suna maimaita karatu. Can ta ce, "Juma'a, Abbas. Kwana huɗu."

Ya juyo Birnin Kebbi kai tsaye zuwa bankin. Manajan ya ciro fayil ya nuna masa kwafin wasiƙu uku da jerin kiran da bai ɗauka ba.

"Da ka zo ka zauna da mu a wata na biyu, da mun sake tsara maka biyan. Mukan yi wa 'yan kasuwa haka. Amma da ka yi shiru har wata huɗu, maganar ta bar hannuna. Ka biya duk abin da ya taru da tararsa, sannan mu rubuta wa babban ofis a saki asusunta. Shi ma yakan ɗauki kwana biyu ko uku na aiki."

Abin da ya taru ya kusa miliyan ɗaya. A da, wannan kuɗi ne da Abbas yake juyawa a yini guda. Yanzu ko dubu hamsin babu a hannunsa.

Talata ya bi abokan kasuwanci. Labari ya riga shi isa. Wanda ya saba cin abinci da shi ya ce kuɗinsa suna cikin kaya. Wani ya ce ya dawo da la'asar, da ya dawo ya tarar da shago a kulle. Rukayya ta miƙa masa 'yan kunnenta da zobe, aka auna, bai kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Laraba ya kai motarsa wurin dillalai. Da suka ga idonsa suka san a matse yake, suka yi mata tayin wulaƙanci. Ya ce ya sallama. Mai sayen ya ce sai makanikensa ya duba, makaniken kuma ya tafi Jega. Abbas ya yini a tsaye a bakin garejin, yana kai da kawowa, yana duba agogo.

Sai ƙarfe uku na ranar Alhamis kuɗin suka shigo. Ya hau mashin ya isa banki ana shirin rufe ƙofa. Ya biya. Manajan ya rubuta wa babban ofis a gabansa, ya ce sai a yi addu'a.

Juma'a tun ƙarfe takwas yana bankin. Ya zauna, ya tashi, ya fita waje, ya dawo. Ya kira duk wanda ya sani ko za a ranta wa Yaya cikon na kwana uku, amma miliyoyi ne, kuma sunansa ya riga ya ɓaci. Ya tafi masallaci ya dawo. Manajan ya buga waya sau huɗu, ana ce masa takardar tana kan teburin wanda zai sa hannu. Ƙarfe huɗu aka rufe banki.

Ranar Litinin da ƙarfe goma na safe aka saki asusun Sauda, ba a taɓa mata ko kwabo ba. An riga an rufe karɓar kuɗin kujera tun Juma'a, kuma an ba wani gurbinta.

Ya shiga motar haya ya tafi Argungu. A hanya ya shirya maganganu iri-iri, da ya isa duk suka gudu. Ya durƙusa a tsakar gidanta ya ce, "Yaya, ki yahe mini."

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta sa aka zubo masa tuwo, ta zauna nesa kaɗan tana tsince shinkafa a faranti. Da ya ƙi ci ta ce, "Ci. Ka rame." Ya ci yana jin kamar ƙasa yake haɗiya.

Takardar harajin ta fito bayan mako bakwai. Tarar da ya biya ta ninka harajin kansa. Titi ba ta karɓi ladan aikinta ba sai da kamfani ya biya shi, kuma da ya yi mata godiya cewa ta yi, "Watan shida za a sake shigarwa. Ina son rasitanka tun watan uku."

Ya kai wa su Labbo kuɗinsu har da ƙari. Labbo ya ƙirga, ya cire ƙarin ya mayar masa. Dashensu ya yi latti, albasar ba ta yi kai ba, kuma daga wannan shekarar ƙungiyarsu ba ta sake ba shi kaya ba sai kuɗi hannu. Kamfanin ma ya rage masa yawan abin da zai kawo. Da ya ga samunsa ba zai ɗauki biyan banki ba, ya sa 'yan haya a gidan Gesse, kuɗin hayar suna tafiya banki kai tsaye, shi da iyalinsa suka koma ɗaki biyu a cikin gari.

Da lokacin tashin alhazai ya zo, Sauda ta kira shi ta ce za ta shigo Birnin Kebbi ta raka ƙawarta Malama Nana Aisha. Tare suka fara adashe, tare suka yi niyya, har sun yi maganar ɗaki ɗaya za su nema. Abbas ya so ya ce yana da uzuri, amma ya kasa.

Ya same su a sansanin alhazai, cikin cunkoson masu rakiya. Matan sun sha atamfa iri ɗaya, sai Sauda a cikinsu da kayan gida. Ta ciro takalman roba da 'yar lema da ta saya wa kanta tun bara, ta tura su cikin jakar ƙawarta. Ta ba ta wata takarda da ta rubuta sunayen waɗanda take so a yi wa addu'a. Abbas yana kusa, ya ga sunansa shi ne na biyu, bayan na mahaifiyarsu.

Motocin suka tashi. Sauda ta tsaya tana kallo har ta ƙarshe ta fita ƙofa.

Abbas ya ce, "Yaya, an ce kuɗɗin kujera za su ƙaru baɗi. Duk abin da ya ƙaru ni zan cika. Na fara ajiyewa."

Ta gyara mayafinta. "Na sani za ka cika. Kuma na yahe maka tun ranar da ka zo gida, kada ka ƙara roƙona." Ta mai da idonta kan titin. "Kuɗɗi kana iya maido mini, Abbas. Amma shekarata hamsin da takwas, ga ciwon ƙahwa. Bana ina da lahiya, ina da guzuri, ina da abokiyar tahiya. Baɗi ba ni da sani."

Ta miƙa masa jakarta ta ce ya raka ta tasha, kada ta rasa motar Argungu.

Darasi: Ranar da aka yanke maka ka biya bashin gida ko ka shigar da takardun haraji, ba kai kaɗai ta shafa ba. Akwai wanda ya sa hannu dominka, akwai wanda ya ba ka kayansa bisa amana, akwai iyalin da ke kwana a ƙarƙashin rufin. Jinkirin da kake ganin wayo ne, sau da yawa wani ne yake biyan kuɗinsa, kuma akwai abin da in ya wuce kuɗi ba sa dawo da shi. In kana da hali, ka biya a kan lokaci. In ba ka da hali, ka buɗe wasiƙar, ka ɗauki wayar, ka je ka yi bayani tun da sauran dama. Kai kuma da za ka tsaya wa wani, ka karanta kafin ka sa hannu, kuma ka riƙa tambaya ko ana biya. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokan kasuwanci, wataƙila akwai wanda wasiƙarsa take ajiye bai buɗe ba har yau.